Tulu Ka Saya Ko Yumɓu?

A layin masu tukwane na kowace kasuwar ƙauye kaya iri-iri ne a jere: randa mai ƙaton ciki, tulu mai siririn wuya, tukunyar tuwo, kaskon turare, tandar masa, har da asusun yara. Kowanne da sunansa, da kuɗinsa, da aikin da aka gina shi dominsa, kuma ba wanda zai je sayen tulu a miƙo masa tanda ya karɓa. Amma da za ka bi maginiyar gida ka ga inda take kwaɓa kayan aikinta, sai ka tarar rami ɗaya ta haƙo, ƙasa ɗaya ta jiƙa ta tattake. To me ka saya ke nan, tulu ko yumɓu? In tulu ne, ina yake shekaranjiya kafin a gina shi, ina kuma zai tafi ranar da ya suɓuce daga kan yarinya a hanyar rijiya? In kuwa yumɓu ne, me ya hana ka tsayawa bakin rami ka ɗiba kyauta?

Tambaya ce kamar ta masu zaman kashe wando. Sai dai malaman ƙasar Indiya sun haura shekara 2500 suna kai-komo a kanta, kuma da gaske suke, domin a wurinsu tulun nan shi ne duniya, har da ni da kai a ciki. Mu a nan ta fina-finai muka san addinin Hindu, tun da gidajen silima suka fara nuna na Indiya wajejen shekarun 1950. Mun ga mace da faranti da 'yar fitila tana kewaya shi a gaban gunki, mun ga ana ƙona gawa a bakin kogi. Abin da fim bai tsaya ya nuna mana ba shi ne tunanin da ke ƙarƙashin waɗannan ayyuka, kuma abin mamaki, da tukunya masu shi suka fi bayyana shi.

Tsohon zancen yana cikin Candogya Ufanishad, littafin da masana ke ƙiyasta an tsara shi ƙarni shida zuwa takwas kafin haihuwar Annabi Isa. Wani malami mai suna Uddalaka Aruni ya tura ɗansa Shwetaketu karatu yana ɗan shekara 12. Yaro ya dawo yana da 24, ya haddace littattafan Beda, yana tafe yana hura hanci. Uban ya dube shi ya tambaye shi ko malamansa sun koya masa abin nan da in an san shi an san sauran abubuwa duka. Yaro ya yi turus. Nan uban ya ɗauko masa misalin yumɓu, ya nuna masa cewa wanda ya gane curi guda ya gane duk abin da aka gina da shi, domin bambancin randa da kasko a siffa da suna ya tsaya. Haka duniya take, in ji shi, asalinta samuwa guda ce, kuma wannan samuwar ita ce ainihin shi kansa Shwetaketu. Daga wannan hira ta uba da ɗa makarantu suka rarrabu, kowace ta kama wani sashe na tukunyar ta ce nan gaskiya take.

Makarantar Sankiya, wadda ake jingina ta ga wani tsohon malami Kafila, yumɓun ta kama. Babban littafinta da ya iso mu shi ne baitoci kusan 70 na Ishwarakirishna, na wajejen ƙarni na 4 ko na 5, waɗanda tun ƙarni na 6 aka juya su zuwa harshen Sin. Hujjarsu mai sauƙi ce: tulu yana nan kwance cikin yumɓu tun kafin a gina shi, maginiya fito da shi kawai ta yi. In ba haka ba, me ya sa take wahalar zuwa rami mai nisa, ga yashi a ƙofar gidanta? Duniya ma ba daga babu ta fito ba. Akwai wani asali da suke kira farakiriti, curin farko da bai ɗauki kowace siffa ba, kuma a cikinsa akwai ɗabi'u uku da suke kira guna. Tamas ita ce nauyi da duhu da zama wuri ɗaya, wato abin da ke sa yumɓu ya lafe inda aka jibge shi. Rajas motsi ce da zafi da ƙaiƙayin aikatawa, tattakawa da murzawa ke nan. Satwa kuwa sauƙi ce da haske da natsuwa, kamar kyan siffar da ke fitowa bayan an gama shafe jikin tulu. Muddin ukun nan sun daidaita ba abin da ke faruwa. Da ɗaya ta rinjaya, gini ya fara.

Suna lissafa ginin hawa-hawa. Daga curin farko hankali ya fito, daga hankali jin "ni ne" ya fito, daga shi kuma sai zuciya mai tattara labari, da gaɓoɓin ji biyar, da gaɓoɓin aiki biyar (magana, hannu, ƙafa, da mafita biyu), da asalin abubuwan da ake ji guda biyar, wato sauti, taɓi, kama, ɗanɗano da ƙanshi. Daga waɗannan ne manyan ginshiƙai biyar suka fito: sarari, iska, wuta, ruwa da ƙasa. In ka haɗa da curin kansa, 24 ke nan. Duba da kyau ka ga inda suka ajiye hankali. A layin tukwane suka sa shi, tare da ƙafa da hanci. Tunaninka, da fushinka, da basirar da kake taƙama da ita, duk yumɓu ne a wurinsu, ya dai fi na randa laushi.

Na 25 shi kaɗai ne ba yumɓu ba. Sunansa furusha, kuma kada ka zaci shi ne magini. Ɗan kallo ne. Ba ya kwaɓa, ba ya gini, ba ya canzawa, yana zaune gefe yana gani kawai, kuma kowane mai rai da nasa. Wahalar ɗan'adam, in ji Sankiya, ta samo asali ne daga ɗan kallon da ya ƙura wa tulu ido har ya ɗauka shi ne tulun, in an ƙwanƙwasa ya ji zafi, in ya tsage ya yi kuka. Tsira ita ce ya farga. Wanda ya farga ɗin ma ba nan take yake barin jiki ba. Maginan Indiya a kan faifai mai juyawa suke gini, ba kamar namu da ke ɗora yumɓu bisa kifaffiyar tukunya su bubbuga ba, kuma ko an ɗauke tulu faifan yakan ci gaba da juyi har ƙarfinsa ya ƙare. Da wannan suka kwatanta ragowar kwanakin wanda ya tsira.

A ganina nan ne Sankiya ta fi rauni. Yumɓun da ke gina kansa don kawai wani na kallonsa, babu maginiyar da za ta yarda da wannan. Malaman wata makaranta mai suna Niyaya ma ba su yarda ba. Su cewa suka yi tulu sabon abu ne, jiya babu shi yau ga shi, shi ya sa ake biyan kuɗinsa, kuma ba wanda ya taɓa ɗebo ruwa da curin yumɓu. Duk abin da aka haɗa kuwa yana da mai haɗa shi. Malaminsu Udayana, wanda ya rayu wajejen shekara ta 1000, a kan wannan ya kafa hujjarsa ta samuwar Ubangiji: duniya ginanniya ce kamar tulu, saboda haka akwai magini. Ɗalibin tauhidi na zaure zai ji hujjar kamar ya santa. Abu Raihan al-Biruni, wanda ya koyi harshen Sanskirit a zamanin Sarki Mahmud na Gazna ya kuma kammala littafinsa kan Indiya wajejen 1030, ya juya wani littafin Sankiya da na wani malami Fatanjali zuwa Larabci, kuma tun a lokacin ya lura cewa abin da malamansu ke faɗa game da Ubangiji daban yake da abin da ake gani a hannun gama-gari.

Akwai wata gardama da ke ba ni dariya duk sanda na tuna ta. Ɗanyar tukunya baƙa-baƙa take shiga wuta, ta fito ja. Makarantar Baisheshika, masu cewa komai daga ƙwayoyin zarra aka haɗa shi, suka ce a cikin wutar tukunyar wargajewa take yi zarra-zarra, kowace ta gasu ta yi ja, sannan su sake haɗuwa, duk cikin ƙiftawar ido. 'Yan'uwansu na Niyaya suka ce haba, tukunyar dai ita ce, wuta ce ta ratsa ta ta sauya mata launi. Ƙarnoni aka yi ana wannan. Amma tambayar da ke ciki ba ta banza ba ce: wanda wuya ta gasa shi har ya sauya, shi ne na dā ko wani ne?

Shankara, ɗan ƙasar Kerala da ya rayu wajejen ƙarni na 8, shi ne ya fi kowa suna, kuma a makarantarsa ta Adwaita ne aka bar jikin tulun aka leƙa cikinsa. Me ke cikin tulun da babu ruwa? Sarari. Kowane tulu kamar yana da nasa sararin, na randa babba, na asusu ɗan mitsitsi. Ɗauki tulun daga tsakar gida ka kai shi zaure. Sararin ya bi ka? Ina. Bangon yumɓu ne ya yi tafiya, sarari yana inda yake. Ranar da tulun ya fashe kuma, sararin cikinsa bai koma ko'ina ba, don tun farko bai rabu da na waje ba. Wannan misali Gaudafada ne ya shimfiɗa shi, wanda al'ada ta ce malamin malamin Shankara ne. Ran mutum, wanda suke kira atman, shi ne sararin cikin tulu, Barahman kuwa, samuwar da ba ta da iyaka, shi ne babban sarari. Ba wai za su haɗu wata rana ba, jahilci ne kawai ya sa ake ganin su biyu. Shankara bai ce duniya babu ita sam ba. Ya yarda tulu na ɗebo ruwa, kuma a kasuwa dole ka biya. Cewa ya yi gaskiyar tulu ta aro ce, ta ma'amala, mai ƙarewa idan sani ya zo.

Masu ibada da yawa ba su ji daɗin wannan ba, kuma suna da dalili. In ni da abin bautata ɗaya ne, wa nake roƙo, wa nake ƙauna? Ramanuja, wanda ya jagoranci babban ɗakin bautar Bishnu na Sirirangam a ƙarni na 11 zuwa na 12, ya ce randa da kasko gaskiya ne, bambancinsu ma gaskiya ne, sai dai ba su da tsayuwa sai da abin da ke riƙe da su. Rayuka da duniya a wurinsa kamar jiki suke, Ubangiji ne ran jikin. Madhwa na garin Udufi, a ƙarni na 13, ya tafi can ƙarshe. Shi ya ce Ubangiji magini ne kawai, bai taɓa zama yumɓu ba, kuma kowane rai daban yake da ɗan'uwansa har abada. Musulmi mai karatu zai ga cewa wannan ya fi kusa da abin da ya sani, ko da yake tazara na nan, domin maginin Madhwa da yumɓun da ba shi da farko yake aiki, alhali a aƙidar Musulunci yumɓun ma halitta ne, daga babu aka samar da shi. Mabiya Shiba kuma, irin su Abinabagufta na Kashmir, suka ga 25 ɗin Sankiya ba su isa ba, suka ɗora 11 a sama suka zama 36, don su nuna yadda ake saukowa daga Ubangiji zuwa curin farko.

Talakan Indiya bai karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma hannunsa na aikata su kullum. A farkon bikin Nabaratiri na darare tara, abin da ake fara girkawa tulu ne. A cika shi da ruwa, a jera ganyen mangwaro a bakinsa, a ɗora kwakwa, sannan a gayyaci abar bautar ta sauka a ciki har a gama biki. Taronsu mafi girma, Kumba Mela, da ke zagayawa tsakanin Farayagaraj da Haridwar da Nashik da Ujjain, shi ma daga labarin wani tulun ruwan rashin mutuwa ya samo asali. Farantin nan da muke gani a fim kuwa lissafin Sankiya ne a kansa. A tsarin da littattafan ibada da dama suka bi, kwaɓin sandal mai ƙanshi na wakiltar ƙasa, fure sarari, turaren wuta iska, fitila wuta, abinci kuma ruwa. Mai ibada yana mayar da ginshiƙan duniya biyar ne, ɗaya bayan ɗaya, ga wanda yake ganin daga gare shi suka fito.

A kudancin ƙasar har ɗakunan bauta biyar aka keɓe wa Shiba, kowanne da ginshiƙinsa. Kancifuram ta ƙasa ce. A Tirubanaikabal ruwa ke tsattsafowa a can cikin ɗakin. A Tirubannamalai kowace shekara ana kunna gagarumar wuta a ƙololuwar dutse, ana hango ta daga nesa. Sirikalahasti ta iska ce. Na biyar ɗin, Cidambaram, shi ne abin lura. Kusa da sanannen gunkin Shiba mai rawa akwai labule, kuma idan malamin ɗakin ya yaye shi, abin da masu ziyara ke gani 'yan ganyayen zinariya ne a rataye, bayansu babu komai. Mutane na yin tafiyar kwanaki don a nuna musu cikin tulu.

Ranar mutuwa ma tulu ne ke rufe zance. A al'ummomi da yawa, wanda zai cinna wa gawa wuta, galibi babban ɗa, yakan saɓa tulun ruwa a kafaɗa ya kewaye tarin itacen. Ana huda tulun ruwa na zuba, daga ƙarshe ya sake shi ta baya ya tarwatse, ya tafi ba waiwaye. Sukan ce mamaci ya koma cikin biyar ɗin nan.

Sai dai akwai inda zancen ya tsaya a fatar baki. In duk yumɓu ɗaya ne, me ya sa aka jera mutane hawa-hawa tun daga haihuwa, har aka ce wasu ko taɓa su ƙazanta ne? Su kansu sun ga wannan giɓi. Akwai labarin da ake bayarwa cewa Shankara ya haɗu da wani daga cikin waɗanda ake ƙyama a wani lungun Banaras, aka ce wa mutumin ya kauce, shi kuwa ya tambaya wa zai kauce, jikin da bai bambanta da na malam ba, ko ran da malam ke koyar da cewa ɗaya ne? Labarin ya ce Shankara ya rusuna masa. Amma rusunawar mutum ɗaya ba ta rushe tsari ba. Sai a 1950 kundin tsarin mulkin Indiya, wanda Ambedkar ya jagoranci rubuta shi, ya haramta wannan ƙyama, kuma har yau ba ta gama fita daga ƙauyuka ba. Su kansu magina tukwane, da aka yi ta aron sana'arsu ana falsafa, ba a sama aka ajiye su ba. Duk da haka sun fitar da waliyyinsu, Gora Kumbar na ƙasar Maharashtara, a ƙarshen ƙarni na 13. Ana ba da labarin cewa a wani taron bayin Allah an ce ya gwada su kamar yadda yake gwada kayansa. Ya bi su yana ƙwanƙwasa kawuna, kowa ya yi shiru, sai Namdeb, mawaƙin da ya fi su suna, ya fusata. Gora ya ce wannan bai gasu ba tukuna. Ɗanyen kasko dai ba ya kai ruwa ban ɗaki, ko a Indiya.

Inda aƙidar ta fi fitowa fili shi ne gumakan biki. A unguwar Kumartuli ta birnin Kalkata, magina kan ɗaure gora da ciyawa, su yaɓa laka daga kogin Hugli, su yi watanni suna fitar da siffar abar bautarsu Durga. Idanu ake zanawa daga ƙarshe. Sai malamin addini ya yi addu'ar shigar da rai, a yi kwanaki ana hidima, sannan a sallami abar bautar a ɗauki gunkin da kiɗa a kai shi kogi ya narke. Hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin jerin al'adun duniya a 2021. Haka ake yi wa Ganesha mai kan giwa a Mumbai da Fune, a bikin kwana goma da Bal Gangadar Tilak ya fito da shi daga cikin gidaje zuwa titi a 1893, lokacin da Turawan Ingila ke sa ido kan tarukan jama'a. Baƙo kan yi mamakin yadda mutum zai jefa abin bautarsa a ruwa yana rawa. A wurin masu yin, abin bautar ya riga ya tashi, siffa ce aka ara daga kogi aka mayar masa.

Yanzu wannan lissafi ya gamu da cikas daga inda ba a zata ba. Yumɓu yana da nauyi, yana da saurin tsagewa, ba ya kuma bushewa da wuri, ga shi bikin Ganesha cikin damina yake faɗowa. Sai masu sana'ar suka koma ga farin filastan nan da ake yi wa silin ado, wanda ake zubawa a mazubi a fitar da ɗaruruwa cikin 'yan kwanaki, a kuma iya tayar da gunki mai tsawon bene. Matsalar ita ce filasta ba ya narkewa kamar laka. Washegarin biki sai a tarar da hannuwa da kawuna zube a bakin teku, ga fentin da ke ɗauke da dalma ya gurɓata ruwa. A 2020 hukumar tarayya mai yaƙi da gurɓatar muhalli ta fitar da ƙa'idar hana gumakan filasta, masu sana'a suka ce an taɓa abincin dubban iyalai, magana ta yi ta yawo a kotuna. Kafin a gama shari'a, hukumar birnin Mumbai ta riƙa tanadar tafkunan wucin gadi a unguwanni, inda iyali ke kai ƙaramin gunkinsu su nutsar, daga baya ma'aikata su zo da mota su kwashe abin da ya ƙi narkewa.